Gaisuwar Inna a Lungun Sito

Rumfar Inna tana bakin ruwa a Yelwa, daidai inda jiragen tsallake ke ɗaure igiya ranar kasuwa. Tun ba a haife ni ba take suyar kifi a wurin. Ba wata rumfar a zo a gani ba ce. Rufin kwano ne da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin, da benci, da kasko mai faɗi, sai zana da ke tare mata iska ta gefe ɗaya. A bayan zanar nan akwai wani siririn lungu tsakaninta da bangon tsohon siton 'yan albasa. Wannan lungu shi ya so ya raba Inna da wurinta.

Da can ba mai kallonsa. Maza in sun sauko daga jirgi da mara a cike, sai su gangara cikin duhuwar da ke gefen ruwa, su gama su fito, ba wanda ya sani balle ya damu. Sai wata shekara ruwa ya cika ya ƙi ja da baya, ya cinye duhuwar har saiwa. Da ya koma, wurin ya zama fili fetal. Aka waiga aka ga lungu, ga inuwa ga bango. Kafin damina ta zagayo, in rana ta take, ƙamshin ƙarfasar Inna da zarnin lungu sai su yi ta kokawa a hancin mutum, kuma ba kullum ƙarfasa ke kayarwa ba.

Ni ina koyarwa a firamare, in na tashi ranar kasuwa sai in wuce in kama mata. Allah bai yi ni da haƙuri ba. Inna kan ce ranar da ake rabonsa ina can ina faɗa da mai rabon. Don haka ni na ɗauki yaƙin lungu a kaina. Na rubuta "An hana fitsari a nan" da gawayi, ruwan sama ya wanke. Na sake da fenti, manyan baƙaƙe, har da jan layi a ƙasa kamar ina gyara wa ɗalibi aiki. Aka riƙa tsugunnawa a ƙarƙashin rubutun. Maƙwabciyarmu mai fura ta rataya wani ɗan gora da jan ƙyalle da gashin kaza, wai a zaci asiri ne. Ya yi aiki na 'yan kwanaki, har ranar da muka ga wani ya sagale hularsa a kai don kada ta faɗi. Muka zuba ƙaya, aka kwashe aka hura wuta da ita. In ina nan kuwa, duk saurayin da ya nufi lungu sai ya ji ta bakina, ya juya yana gunaguni. Amma ba kullum nake nan ba, kuma ba samari kaɗai ke shiga ba.

Ana cikin haka duba-gari ta zo. Mace ce mai sanyin magana, kuma ta sha cin kifin Inna. Ta tsaya a bakin lungu ta toshe hanci da gefen mayafi, sannan ta dawo ta zauna a benci.

"Inna, ni ma ba son raina ba ne," in ji ta. "Amma abinci da wannan ba su zama wuri ɗaya. In na sake zagayowa wata mai kamawa na tarar da shi haka, sai dai ki koma can sama wajen tashar mota. Akwai fili."

Inna ta juya kifin da ke cikin mai, ta ce, "Can bisa ba ruwa."

Sai da muka je gida ta ƙarasa maganar. Ta ce in an tashe ta daga bakin ruwa, ba za ta je ta soya wa direbobi kifi cikin hayaƙin mota ba, kife kaskonta za ta yi ta zauna a ɗaki. Maganar ta tsorata ni, domin na san zaman ɗakin Inna. Na gan shi lokacin takabar mahaifina. Ta rame, ta daina tsokanar kowa, abinci ma sai an yi da gaske. Ranar da ta koma rumfa ta ji masu jirgi suna kiranta daga cikin ruwa tun ba su iso ba, ranar ta sake zama Innar da na sani. A daidai wurin nan jirgin mahaifina ke tsayawa. Ba ta taɓa faɗa mini don haka take son wurin ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

To amma akwai abin da ni da ita muka sani, muke kewaye shi. Tushen lungun nan Baffa ne.

Baffa wan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana zaune a wata tunga ta masunta a tsallake, kuma duk masu jirgin wajen, in ba shi ya koya musu ruwa ba, to ya koya wa ubanninsu. Tsufa ya zo masa da ciwon gwiwa da kuma wahalar riƙe fitsari. Tafiyar jirgi tana da nisa, makewayin jama'a kuwa yana can bayan masallaci, sai an hau tudu. Saboda haka da ya sa ƙafa a ƙasa sai ya dogara sandarsa ya nufi lungu. Wanda ya ga Baffa ya tsugunna, kunyar wa zai ji? Sai a jira ya fito a bi layi.

Na ce wa Inna ni zan yi masa magana, cikin ladabi. Ta dube ni, ta san irin ladabina.

"Babanku na tsallake za ki tara da maganar ga? Ke ɗiyar ƙanenai?" ta ce. "Na hi son in kwashe kaskona yau ɗin ga."

Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "babanku na tsallake" ne kullum. Haka abin yake tsakanin mace da wan mijinta a wajenmu. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta tsayawa a tsaye in yana magana. Shekara da shekaru, abin da ke shiga tsakaninsu bai wuce ta durƙusa ta gaishe shi ya amsa ba, sannan ta ƙunshe masa kifi a takarda, wani ya miƙa masa. Mutuwar mahaifina ba ta rage wannan ba, ƙara shi ma ta yi. Na ji haushi ƙwarai. Ga wuri zai tafi, ga mai laifi muna gani, ga baki an ɗinke mana da zaren kunya. Na yi ta sababi ni kaɗai a tsakar gida har kaji suka watse.

Maganin ya zo mini ne a kemis, inda na je sayo wa Inna man shafawa na gwiwa. Ina sa ƙafa a ƙofa sai wata siririyar murya ta yi mini maraba da Turanci. Kafin in ankara na amsa. Na waiga ban ga kowa ba, sai mai kemis yana dariya yana nuna mini wani ɗan akwati fari a saman ƙofa, bai kai girman sabulun wanki ba. Ya ce yana da ido mai ganin motsi, duk wanda ya gifta sai ya yi magana, kuma ana iya sa masa kowace magana aka so. Na tsaya da man gwiwa a hannu ina tunani. Ni da ba na raga wa kowa, akwati ya gaishe ni na amsa ba shiri.

Wani mai sayar da kayan waya ya samo mini irinsa, da ɗan faifan sola da zai riƙa yi masa caji. Na kawo gida ina ɗoki. Na riga na tsara abin da zai faɗa, kuma na karanta wa Inna. Akwai tambayar ko mutum haka yake yi a bangon ɗakin uwarsa, akwai batun dabbobi da bambancinsu da mutane. Ta saurara har na kai ƙarshe.

"Wanga ai ke ce cikin akwati," ta ce. "Duniya ba ta gama da guda ba, kin ƙaro mata ta biyu."

Na sauko. Na ce to a sa sallama, tunda mai tsugunne ba ya amsa sallama, kuma ba Musulmin da zai ji ta ya share, dole ya tashi. Na ɗauka na kawo dabara. Inna ta girgiza kai ta ce sallama da sunan Allah a cikinta, ba a kai ta wurin najasa, kuma ba a yi wa wanda ke wannan hali. Ban da haka, masu saukowa daga jirgi ba duka Musulmi ba ne. Sai ta murza gwiwarta, ta ce, "Gaisuwa dai ta kowa ce. A aza shi bakin lungu, ba ciki ba. Shi gaida mutum tun bai kama mazagi ba."

Na gwada da muryata. Na ce "sannu da zuwa" iya taushin da Allah ya hore mini, muka kunna muka ji. Mai fura, da ta shigo aron turmi, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wannan sannun, wanda aka yi wa ita zai fara neman inda ya yi laifi. Gaskiyarta ne, ni ma na ji kamar ina tsayar da wanda ya makara a ƙofar aji. Duk muka juya muka dubi Inna.

Da farko ta ƙi. Ta ce ina ita ina kiran maza a lungu. Sai da mai fura ta tafi, muka rage daga ni sai ita a ɗaki, ta ce in kawo abin. Ta tashi ta ɗauko mayafinta ta yafa. Na ce, "Inna, ba hoto ba ne, murya kawai yake ɗauka." Ba ta kula ni ba. Ta dafa gado ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ta sunkuyar da kai, sannan ta ce in danna.

"Sannunku da zuwa. An iso lahiya? Ya ruwa, ya mutanen gida? Ga buta nan bisa dutse, makewayi na bayan masallaci. Allah shi huta gajiya."

Sai da na ga durƙuson nan na gane wanda take gaisarwa. Duk duniya magana ɗaya aka yarje mata ta yi masa, ita ta ɗauka ta sa a akwati. Na kasa tsokanarta, na dai taimaka mata ta miƙe.

Na ɗaure akwatin a bakin lungu, a ƙarƙashin wani guntun kwano, muka ajiye butoci a kan dutse. Wanda ya fara faɗawa hannunsa wani magidanci ne mai kawo busasshen kifi. Ya taho da sauri, hannu ya riga ya shige ƙarƙashin riga, sai murya ta tare shi. Ya yi tsalle baya, ya zare hannu, ya ɗan rusuna ya ce, "Lahiya lau, Inna, suna gaishe ki." Ya duba hagu ya duba dama. Sai ya ɗauki buta ya hau tudu, yana tafe yana waige. Ni da mai fura muka cusa baki a zani don kada a ji mu.

Haka aka wuni. Duk mutanen nan sun san muryar, sun ci kifinta tun suna yara, wasu ta sha ba su gyara. Abin da ke kai mutum lungu shi ne a can ba wanda ya san shi. To an tambaye ka mutanen gida, ka amsa da bakinka, da wane ido za ka tsugunna? Wani dattijo daga tsibiran tsakiyar ruwa, wanda Hausarsa ba ta da yawa, ya ji murya ba mutum ya zura da gudu. Da aka nuna masa akwatin ya dawo ya tsaya a gabansa ya zuba masa gaisuwa da yarensu, yana yi yana dariya. Awakin kasuwa ma sun sha tambayar ya ruwa, har mai fura ta ce sun fara tafiya da girman kai. Ba zan ce kowa ya ji ba. Akwai wani baƙon direba da ya gama abinsa muryar tana ta yi masa sannu, ya fito ko a jikinsa, shi kam ya ji ta bakina. Amma zarni ya ragu sosai, muka wanke lungu da toka da ruwan zafi, ƙarfasa ta fara kayarwa.

Baffa bai zo ranar farko ba, sai kasuwa ta gaba. Na hango shi ana riƙe masa hannu yana saukowa, ya dogara sanda ya nufo lungu kamar kullum. Inna ma ta gan shi, ta koma can ƙuryar rumfa ta ba da baya. Muryar ta tashi. Ya tsaya cak. Ya daɗe a haka, kai a sunkuye. Da ya ɗan motsa, akwatin ya sake maimaita masa gaisuwar tun daga farko, ga mutane a bayansa suna kallo. Bai amsa ba. Bai ɗauki buta ba. Ya juya ya kama hanyar tudu da saurin da ban taɓa ganin gwiwarsa ta yi ba.

Bai biyo ta rumfa ba a ranar. Can na hango shi ya sauko ta wata hanya ya koma cikin jirgi tun kasuwa ba ta ci ba, ya zauna ya tattare rigarsa a cinya, ya lulluɓe da rawani. A nan ya wuni cikin rana har jirgi ya tashi. Na zaci fitsarin ya kufce masa ne a hanyar tudu. Ban gaya wa Inna ba, ita ma ba ta tambaya ba, amma kifi ya ƙone mata sau da yawa a yinin nan. Ƙunshinsa muka koma da shi gida.

"Cire abin ga," ta ce da muka isa. "Na kunyata tsoho gaban ɗiyan da yar rena."

Na ce a bari duba-gari ta wuce tukuna. Muka yi ta ja. A ƙarshe ta ce in bar shi in na ga dama, amma ba da yawunta ba. Kasuwa ta zo ta wuce ba Baffa, wata ma ta zo ta wuce. Kowace ranar kasuwa sai ta ƙunshe masa kifi ta ajiye a gefe, da yamma mu koma da shi. Masu jirgin tungarsu in an tambaye su sai su ce yana nan lafiya, su kau da kai. Lungu ya yi fes, amma ban ji daɗinsa ba, domin na ga Inna ta fara irin shirun nan na takaba. Kuma na san ko da Baffa ya dawo, in ya yi fushi ya tsugunna a gaban akwatin sau ɗaya tak, an gama, kowa zai bi.

Duba-gari ta aiko cewa ranar kasuwa mai zuwa za ta zagayo. Ana gobe za ta zo aka tafka ruwa da iska, guntun kwanon da ke kare akwatin ya yi nasa wuri. Ranar ba makaranta, da sassafe na isa. Na gifta ta gabansa, shiru. Na yi tsalle, na kaɗa hannu, na girgiza shi, ruwa ya ɗiɗɗigo daga cikinsa. Na kanga shi kusa da murhu ya bushe, na danna duk abin da ke dannuwa, ko tari bai yi ba. Na zage shi tas, shi da wanda ya ƙera shi. Daga baya na mayar na ɗaure a wurinsa, ko ganinsa ya sa wani ya tuna.

Duba-gari ta iso da hantsi. Ta shiga lungu har ƙarshe ba ta toshe hanci ba, ta fito tana gyaɗa kai. Na fara murna sai ta ce bayan ruwan sama kowane lungu mai tsabta ne, za ta zauna ta ga yadda ake yi in jirage sun sauke mutane. Ta zauna a benci. Jirage suka yi ta isowa, mutane suka riƙa ɗaukar buta da kansu, wasu har da ce wa akwatin "lahiya lau" tun bai tambaya ba. Jirgin tungar su Baffa ne kaɗai ya makara. Da ya ɓullo, na gane rawanin Baffa tun daga nesa.

Aka sauko da shi. Bai dubi rumfa ba, ya miƙe sai bakin lungu, maza na biye da shi. Duba-gari ta gyara zama. Na ji kamar in ruga in tare hanya, amma na tsaya inda nake. Ya tsaya a gaban akwatin ya dogara sandarsa da hannu biyu. Shiru. Ya jira. Ya ɗaga sandar ya kaɗa ta a gaban idon akwatin, ya sake jira. Wani a baya ya ce, "Ya mutu, Baba."

Sai na ji an ajiye cokali a gefen kasko. Inna ta matsa jikin zana, ta gefen da ba a ganinta daga lungu. Ta ja mayafi, ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasar nan.

"Sannunku da zuwa," ta ce. "An iso lahiya? Ya ruwa, ya mutanen gida?"

Ba ta faɗi zancen buta da makewayi ba, a nan ta tsaya.

Baffa bai juyo wajen zana ba, ya ci gaba da kallon akwatin. Amma na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Lahiya lau," ya ce. "Ruwa da godiya. Mutanen gida duk suna gaishe ki. Ya hayaƙi, ya gwiwa?"

"Da sauƙi, mun gode Allah."

"To madalla." Ya yi gyaran murya. "Wancan zuwa anka gaishe ni, ban amsa ba. Tun da nike ban taɓa yin haka ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi na zo in amsa." Sannan ya ƙara da cewa, "Gaisuwar ta iso inda anka aike ta. Kuma an kyauta da ba a aiko waccan ba."

Da sandar ya nuna ni, ba tare da ya dube ni ba. Mutane suka fashe da dariya, har da duba-gari. Ni da ba a taɓa ni in ƙyale, ranar dariyar na yi, hawaye na zubo mini.

Ya wuce cikin kasuwa, maza suka bi shi, ba wanda ya ko leƙa lungu, ba kuma wanda ya ɗauki buta. Abin ya ɗaure mini kai har sai da mai tuƙa jirginsu ya zo sayen kifi yana mita. Ya ce Baba ya kafa sabuwar doka. Duk jirgin da ya taso daga tungarsu sai ya tsaya a wani tudun yashi kafin a hango gari, maza su sauka ta wannan gefe, mata ta wancan, kowa ya rage mara, sannan a ƙaraso. Ya ce mai yana ƙonewa, kifi yana shan rana, amma wa zai ce wa Baba a'a? Ashe abin da ya makarar da su ke nan.

Duba-gari ta cinye ƙarfasarta, ta wanke hannu, ta ce ba ta ga abin da zai sa a taɓa rumfar nan ba. Ta ce in an gyara akwatin a nuna mata inda ake samunsa, akwai wani bango a bayan 'yan nama da ya gagare ta.

An gyara shi daga baya, yana nan har yanzu yana gaida baƙi da awaki. Baffa kuwa ya ce shi kada a ƙara haɗa shi da akwati. Duk ranar kasuwa sai ya tsaya ta bayan zana, Inna ta cikin rumfa, su yi ta gaisuwa ba mai ganin fuskar wani. Gaisuwar ta yi ta tsawo har ta fara ɗauko labarin wanda ya haihu da wanda ya yi sabon jirgi. Rannan ma na ji sun ambaci mahaifina.

Amma abin da na fi tunawa shi ne bayan duba-gari ta tafi a ranar nan. Na waiga ban ga Inna a bakin kasko ba. Na leƙa jikin zana na same ta a inda take tun ɗazu, a durƙushe, zaninta ya jiƙe da taɓo. Gwiwar ce ta ƙi miƙewa, ita kuma ba ta yarda ta kira ni ba don kada Baffa ya ji. Na kama ta na ɗaga, tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Na ce ta zauna ta huta, ni zan ƙarasa suyar.

Ta ture hannuna ta ɗauki cokalinta.

"Miƙa ma babanku ƙunshinai," ta ce. "In kin dawo ki nemo mai gyaran rufin ga, yana yoyo. Muna da sauran zama wurin ga."